Fiyano Mara Sitayil: Da Manhaja Za Ka Cike Gurbin, da Inji, ko da Makaɗi?

A daminar bara janareton wani gidan biki ya ƙona mini fiyanon da na shekara 9 ina neman abinci da shi. Da na tashi sayen wani sai raina ya karkata ga irin mai madannai 88 masu nauyi, domin na daɗe ina son yatsuna su san fiyano na ainihi. Na san irinsa ba ya zuwa da sitayil, wato kiɗan rakiya da fiyanon ke yi maka da kansa, amma na ɗauka cike wannan gurbi aikin kwana biyu ne. Wata 5 na yi ina gwaji, ina aro a wurin abokan sana'a, ina saye ina sayarwa. Idan kai ma kana riƙe da irin su Yamaha P-45 ko Casio CDP-S110, ko kana shirin saye, ga abin da na gano.

Me ka rasa tukuna?

Tun shekarun 1990 da fiyanon Yamaha na jerin PSR ya shiga situdiyoyin Kano, kunnenmu ya saba da mutum ɗaya yana fitar da kiɗan mutum biyar. Sitayil ɗin Yamaha layi 8 ne: ganga biyu, bes, layin kod biyu, shimfiɗar sauti ɗaya da ado biyu. Amma sirrin ba a yawan layin yake ba. Sirrin shi ne injin yana kallon hannunka na hagu. Ka danna kod, wato haɗin madannai uku ko huɗu, nan take bes da jita su koma can. Ka riƙe shi minti 2, su jira ka minti 2. Ka taɓa maɓallin juyi, ganga ta yi maka kwana ta shiga sashe na gaba. Wannan biyayya ita ce abin da ka rasa, ba sautin ganga kawai ba.

Ma'aunai

Na farko, kuma shi ya fi sauran nauyi a wurina: wa ke bin wani? Kiɗan ne zai bi ka, ko kai za ka bi shi? A ɗakin koyo wannan ba ya damun kowa. A filin biki kuwa, mawaƙi yana tsakiyar baiti sai ga uwar amarya ta taso da 'yan uwanta za su yi liƙi. Dole a tsaya a kanta, a ambaci sunanta, a ambaci na mahaifinta da garinsu, a maimaita har sai hannunta ya sauka. Baitin da aka shirya na daƙiƙa 40 ya koma na minti 4. Duk kiɗan da ba zai iya jira ba ya kunyata ka a nan.

Na biyu kuɗi, kuma jimillarsa, ba farashin abu ɗaya ba: kebul, adafta, feda, saunkad (akwatin da ke fitar da sauti daga kwamfuta), duk a lissafa. Zan faɗi farashi da dala ko yuro a inda na faɗa, domin na naira ba ya kwana inda ya wuni. Na uku juriya: ƙurar hunturu, zafin bazara, hawan acaɓa da Keke Napep, da wutar da ke zuwa yadda ta ga dama. Na huɗu sauƙi, wato minti nawa za ka ɗauka daga sauke kaya zuwa fara kiɗa, kuma ko yaronka zai iya haɗawa in ba ka nan. Na biyar haɗari: in abin ya tsaya a gaban jama'a, me zai rage a hannunka? Akwai na shida da masu sayarwa ba sa ambata, shi ne ko abin zai iya kiɗanmu. Yawancin sitayil na kamfani an gina su ne a kan kiɗan Turawa da na Latin Amurka, alhali da yawa daga kiɗanmu tafiyar 6/8 yake yi, wato bugu shida a kowace gaɓa, da lauje-laujen da sai ka gina da hannunka.

Manhajar sitayil a kwamfuta

Wannan ita ce ta fi kusa da abin da ka rasa. Manhajoji irin su vArranger, One Man Band da Giglad suna karanta fayil ɗin sitayil na Yamaha, suna sauraron kod daga fiyanonka ta kebul ɗin USB, su yi maka rakiya kamar yadda PSR ke yi. Idan kana da tarin sitayil da ka gina ko ka karɓa a fulash tsawon shekaru, ba su tafi a banza ba. Wannan kaɗai ya isa ya ja hankalin tsohon ɗan sana'a.

Sai dai akwai abubuwa uku da sai ka shiga za ka sani. Na ɗaya sauti. Fayil ɗin sitayil umarni ne kawai, babu sauti a cikinsa. Injin sautin da ke cikin fiyanon ne yake ba shi rai. Da ka ɗora shi a kan wasu sautukan na kwamfuta, sai ka ji gangar da ka sani ta koma wata aba daban, bes ya yi kauri ko ya sirance. Sitayil ɗin da aka gina da sautukan MegaVoice na Yamaha sun fi ba da wahala, domin an ɓoye ƙarar karcen jita da gogar yatsa a cikin wasu madannai, kuma injin da bai san da haka ba sai ya fitar da su a matsayin sauti mara kan gado. Kowane sitayil sai ka zauna ka daidaita shi layi-layi. Na kwashe mako 2 a kan guda 12 kacal da na fi aiki da su, kuma ban yi da-na-sani ba, amma aiki ne na mai haƙuri.

Na biyu jinkiri tsakanin danna madanni da fitowar sauti. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka jinkirin kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa daidai yake da ka tsaya mita 3 da ɗan wani abu daga lasifika. Wannan hannu yana jurewa. Idan ya ninka sau uku ko huɗu, sai ka ji kamar kana taka laka. A kwamfutar Windows maganinsa direban ASIO ne, wata 'yar manhaja mai rage jinkirin sauti, kuma ya fi kyau ka samu ƙaramin saunkad na waje irin su Focusrite Scarlett Solo ko na Behringer masu sauƙin kuɗi. Lasifikar Bluetooth kuwa kada ma ka gwada, jinkirinta yakan haura kashi 100 cikin 1,000.

Na uku maɓallai. Fiyanonka ba shi da na farawa, na juyi ko na rufewa. Ko dai ka sadaukar da madannai biyar-shida na can ƙasa ka mai da su maɓallai, ko ka sayi ƙaramin allo irin Korg nanoKONTROL2 ka ɗora a kan fiyanon. Na fi son allon, domin sau biyu ɗan yatsana ya zame kan madannin rufewa ana tsakiyar amshi.

Kuɗin manhajar ya bambanta sosai: One Man Band mai sauƙin kuɗi ce, vArranger kuwa ta kai ɗaruruwan yuro. Idan kana da kwamfuta tun asali, jimillar ba za ta kai kuɗin babban PSR ba. Idan sai ka sayo kwamfutar, lissafin ya canza. Wajen juriya tana da alheri ɗaya babba, wato batiri: a ɗauke wuta, ita ba ta mutu ba. Amma ƙura tana toshe mata fanka, ramin USB yana sakwarkwacewa, kuma cajarta takan jawo wani gunji cikin miksa idan an jona su a wuta ɗaya. Ka ware mata aikin kiɗa kaɗai, ka kashe intanet ɗinta kafin taro.

A wayar Android akwai manhajar ORG da matasa da yawa suka sani, tana karɓar fiyano ta kebul ɗin OTG, mai jona kayan USB da waya. Sitayil ɗinta sun fi karkata ga kiɗan Farisa, Turkiyya da Larabawa, jinkirinta kuma ya danganta da wayarka. Ta isa gwaji a ɗaki. Ban yarda in hau dandamali da ita ba.

Manhajar da ake rubuta wa kod

Band-in-a-Box ta kamfanin PG Music na Kanada tana kasuwa tun 1990. Kai za ka rubuta mata jerin kod, ka zaɓi salo, ta haɗa maka cikakken kiɗa, har da sautin makaɗa na gaske da aka naɗa. iReal Pro makamanciyarta ce a waya: ƙasa da dala 30, kana sauya gudu da tsayin sauti (key) yadda kake so, kana maimaita gaɓar da ta gagare ka. Ga mai koyo ban ga abin da ya kai su ba, domin suna tilasta maka kiyaye lokaci, kuma hannunka na hagu ya sami 'yancin koyon aikinsa na ainihi. Amma kai ke bin su, kuma babu kalangu ko kiɗan nanaye a cikinsu.

Kiɗan da aka naɗa tun daga situdiyo

Yawancin mawaƙa yau haka suke yi: a haɗa kiɗa a manhajar FL Studio ko Cubase, a zuba a waya ko fulash, a miƙa wa mai kayan sauti. Idan kai za ka haɗa da kanka, lasisin manhajar Reaper na mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne. Sauti ba ya wuce wannan kyau, domin kana iya kiran mai kalangu na gaske ka naɗe shi sau ɗaya ka yi ta amfani. Haɗawa a wurin taro kebul ɗaya ne.

Raunin dai shi ne wanda na faɗa a sama: ba ya jira. Dabarar da ke rage matsalar ita ce ka yanka kiɗan gida uku, mabuɗi, jiki mai zagayawa ba iyaka, da marufi, ka riƙa sakin kowanne da hannu. Sannan ka kiyayi wayar da ke da layi a ciki. A wani kamu da muka yi, ana tsakiyar fitowar amarya kira ya shigo wayar da ke ɗauke da kiɗan. Kiɗa ya yanke, ƙarar kira ta cika zauren ta manyan lasifiku. Daƙiƙa 10 ne ko ƙasa da haka, amma na ga fuskar uwar amarya, kuma har yau ina jin nauyin abin. Tun daga ranar wayar kiɗa daban take, babu layi a cikinta.

Injin ganga

Alesis SR-16 ya fito a 1990 kuma har yanzu ana ƙera shi, wannan ma shaida ce. Yana da salon kiɗa 50 na kamfani da gurbi 50 na naka, kowanne da sashen A da B da juyinsu, ga ramin feda biyu: ɗaya na tashi da tsayawa, ɗaya na juyi. Ma'ana ƙafarka ke tuƙa shi, hannayenka biyu suna kan fiyano. Sabo bai kai dala 200 ba. Babu fanka, babu sabuntawa, ka kunna ya kama.

Ganga ba ta da kod, don haka ba ta taɓa saɓa maka. Mawaƙi ya tsawaita baiti, ita tana nan tana zagayawa. Farashin wannan 'yanci shi ne babu bes, babu jita, hannunka na hagu ne zai zama bes. A watan farko abin ya yi mini wuya ƙwarai, domin shekara 9 hannun nan aikinsa danna kod ya huta. Daga baya na fahimci wannan ne ma dalilin da ya sa na sayi fiyano mai nauyi tun farko. Sautukansa na gangar Turawa ne da su konga, kuma kana iya gina tafiyar 6/8 da su ta yi daɗi, amma ba za ta yi maganar kalangu ba. Abu ɗaya na kiyayewa: adaftar nawa ta 9V AC ce, ba DC irin wadda ta cika kasuwa ba. In ta ɓace, samun madadinta sai an sha yawo. Ƙanensa SR-18 yana da layin bes kuma yana aiki da batiri 6.

Akwai kuma feda mai naɗar zagaye irin Boss RC-5, inda za ka kaɗa gaɓa ɗaya ta yi ta maimaita maka. Tana da daɗi ga waƙar da kod ɗinta ba ya canzawa, amma abin da ka naɗa ya naɗu, ba ya bin ka zuwa wani kod.

Akwatin sitayil, ko ƙaramin fiyano na biyu

Kamfanin Ketron na Italiya yana ƙera akwatunan sitayil marasa madannai irin SD40, Roland ma ya fitar da BK-7m a 2011, wanda yanzu sai dai na hannu. Su ne amsa mafi tsafta: biyayyar PSR, maɓallai na gaske, babu kwamfuta. Amma sabon Ketron ya haura dala 1,000 nesa, kuma in ya lalace mai gyara da kayan gyara ba a kusa suke ba. Ga wani tarko: fiyano irin P-45 ramin USB kaɗai gare shi, babu ramin MIDI mai ƙafa 5 da kayan kiɗa ke aika wa juna umarni ta cikinsa, akwatin kuma ta nan ya saba karɓar umarni. Sai ka ƙara sayen ɗan akwatin da ke shiga tsakani, irin Kenton MIDI USB Host. Ka leƙa bayan fiyanonka kafin ka biya kuɗin komai.

Hanyar da na ga ta fi dacewa da aljihun yawancinmu ba ta buƙatar kebul ɗin MIDI sam. Ka samu ƙaramin PSR, sabo ko na hannu, ka ɗora shi a hawa na biyu na sitan, wato ƙarfen ɗora fiyano. Hagu tana sama tana ba da kod, dama tana ƙasa a kan madannai masu nauyi. PSR-E373 yana da sitayil 205, yana karɓar wasu daga waje, yana kuma aiki da batiri 6. Sashen sitayil ɗinsa A da B ne kawai, ba huɗu irin na manyan PSR ba. Idan kana son gina sitayil naka a kan injin, sai ka haura zuwa irin su PSR-S670 ko SX600. Masu gyaran PSR suna nan a manyan garuruwanmu, kuma in ɗaya ya mutu a taro, ɗayan zai kai ka gida. Illarsa kaya sun zama biyu, kuma hagunka ba za ta koyi fiyano ba.

Makaɗi

Na bar shi a ƙarshe ne domin ba a auna shi da ma'aunin inji. Mai kalangu ba kod ɗinka yake bi ba, numfashin mawaƙi yake bi, da ƙafar masu rawa, da wanda ya shigo fili. Yana matse tsarkiya a hammata gangar ta faɗi kirarin mutum, mai kirarin ya ji ya taso. Ranar farko da na yi aiki da wani dattijon makaɗi, mun shiga amshi na uku sai na ji ya ɗan ja gudun baya kaɗan. Na ɗaga kai, ashe wata tsohuwa ce ta shigo rawa da sandarta, ya rage ne don ta samu takawa. Bayan an tashi na ce, “Baba, ban ma gan ta ba.” Ya ce, “Ɗana, kai madannai kake kallo, ni fili nake kallo.”

Kuɗinsa ba na saye ba ne, na kullum ne: sallama, kuɗin mota, makirufo ɗaya ko biyu. A shekara zai iya fin kuɗin inji, amma taron da ke da makaɗi yakan fi kawo liƙi. Wuta ba ta dame shi ba, sai dai fata tana saki da damina. Yana buƙatar atisaye, yana iya makara, yana iya samun wani taron da ya fi naka tsoka. Kuma kamar injin ganga, bes yana wuyanka sai in ka ƙara mai jitar bes. Ga sha'irai, mandiri ya fi kowane sitayil zama daidai da majalisi.

| Zaɓi | Wa ke bin wani | Kuɗi | Juriya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Manhajar sitayil | Tana bin ka | Matsakaici in kana da kwamfuta | Matsakaiciya | Wuya a farko | Kwamfuta ta tsaya, kebul ya zare |
| Manhajar rubuta kod | Kai ke bin ta | Kaɗan zuwa matsakaici | Ta wayarka ce | Sauƙi | Babu kiɗan gida |
| Kiɗan da aka naɗa | Kai ke bin sa | Kaɗan | Mai kyau | Sauƙi ƙwarai | Ba ya jiran mawaƙi |
| Injin ganga | Yana jira, ba ya bin kod | Kaɗan | Mai kyau ƙwarai | Sauƙi | Adafta, rashin bes |
| Akwatin sitayil | Yana bin ka | Mai yawa | Mai kyau | Matsakaici | Gyara, rashin ramin MIDI |
| Ƙaramin PSR a sama | Yana bin ka | Matsakaici | Mai kyau | Sauƙi | Yawan kaya |
| Makaɗi | Yana bin fili duka | Na kowane taro | Ba ruwansa da wuta | Sai da atisaye | Makara ko rashin zuwa |

Wanne ne naka?

Idan koyo kake a gida, iReal Pro a waya ta ishe ka, ka ajiye sauran kuɗin don malami. Mai situdiyo da ba ya fita taro ba ya buƙatar sitayil da gaske, ya jona fiyanon da FL Studio ko Cubase ya gina kiɗansa layi-layi, Band-in-a-Box kuma ta taimaka masa wajen zana tsarin waƙa da sauri. Mawaƙin da waƙoƙinsa ke da tsayayyen tsari, irin na dandamali ko gidan rediyo, kiɗan da aka naɗa ya wadatar, da sharaɗin waya mara layi da kwafi na biyu a fulash.

Mai kiɗan coci ko na majalisi, inda jagora ke maimaita baiti yadda zuciya ta motsa, ya nemi abin da ke jira: injin ganga da feda in hagunsa ta ƙware, ƙaramin PSR a sama in ba ta ƙware ba. Wanda ya tara sitayil na shekaru, yana da kwamfuta mai lafiya da haƙurin daidaita sauti, manhajar sitayil za ta dawo masa da dukiyarsa. Akwatin Ketron na wanda kiɗa ke kawo masa kuɗin da zai iya jiran kayan gyara daga waje ne.

Idan kuwa ba ka riga ka sayi fiyanon ba, kuma ka san sitayil ne abincinka, ka duba masu madannai 88 da ke zuwa da rakiya a ciki, irin Yamaha DGX-670 mai sitayil 263, ko Roland FP-E50. Ka dai tuna DGX-670 ya haura kilo 21, P-45 kuwa bai kai 12 ba, kuma kai za ka riƙa ɗauka.

Ni a ƙananan taruka injin ganga nake ɗauka da feda biyu. Ranar babban biki kuwa, tun ana saura mako nake kiran Baba mai kalangu in ji ko yana gari.